Jirgin da Ya Fi Ƙarfin Fankarsa

Duk wanda ya tashi a unguwannin da ke kusa da filin jirgin sama na Kano ya san ƙarar nan da ke sa malami ya yi shiru a tsakiyar darasi har sai ta wuce. Ni a nan na tashi. Tun ina firamare, da na ji ƙarar sai in leƙa taga, in hango wani siririn jirgin sojojin sama mai miƙaƙƙun fukafukai ya gilma. Sai da na girma na san sunansa L-39, ƙirar mutanen ƙasar Cek, kuma da shi ake koya wa matasan hafsoshi tuƙin jirgin yaƙi. A lokacin iyakar abin da na iya shi ne in samo kara da totuwa in ƙera irinsa, in ɗaura masa zare in yi ta gudu da shi a layinmu.

Yanzu shekarata 20, ina aji biyu a jami'a, kuma har yau ina ƙera jirage, sai dai na yanzu suna tashi da gaske, da batir da rimot. Duk lokacin da 'yan sakandare suka gan ni da jirgi, tambayarsu ba ta wuce biyu: wanne ya fi girma, kuma wanne ya fi gudu? Ni ma su na riƙa yi wa kaina, har suka cinye mini ajiyar wata bakwai, suka kusa jawo mini abin da kuɗi ba ya gyarawa. Shi ya sa nake so in ba ku labarin, ƙannena, tare da lissafin da na ƙi yi a kan lokaci.

Na fara koyo ne da jirgi mai farfela a gaba, wanda muka ƙera da farin fom ɗin nan mara nauyi da ake sako firiji a ciki. Wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwarmu, wanda kowa ke kira Baba, shi ya koya mini haɗa waya da dalma. Na shekara guda ina tashin wannan jirgi a wani fako da ke bayan garin kakana, nesa da birni. Jirgi ne mai haƙuri: ko ka yi kuskure sai ya ba ka lokaci ka gyara. Da hannuna ya ɗan faɗa, sai na fara raina shi. Idona ya koma kan F-16, jirgin yaƙin Amurka da ya fara tashi a 1974, mai tsinin hanci da baki a ƙarƙashin ciki.

Ƙaramin jirgin yaƙi na lantarki ba shi da farfela a waje. A cikin cikinsa ake ɓoye wata 'yar fanka a cikin bututu, tana zuƙo iska ta gaba tana feso ta ta baya da ƙarfi. Masu harkar suna kiranta EDF, kuma da faɗin fankar ake faɗin girman jirgi: mai milimita 50, ko 64, ko 70, ko 80, ko 90. Da yake fankar 'yar ƙarama ce, dole ta yi juyi fiye da sau 30,000 a minti kafin ta yi aikin da farfela ke yi cikin natsuwa. Saboda haka tana shan wuta sosai, kuma ba ta da ƙarfin kirki idan jirgi yana tafiya a hankali. Sai ya ɗauki gudu take nuna kanta.

Mai milimita 90 nake so, amma kuɗina bai kai ko rabinsa ba. Abin da na tara daga koyar da yaran maƙwabta lissafi, haɗe da rancen da Yaya ya ba ni daga kuɗin shagonsa, ya isa ne kawai in sayi fanka mai milimita 64 da injinta da batir ɗaya da sauran tarkace. Da Yaya zai miƙo mini kuɗin ya ce, "Ka dai san na kayan shago ne ko?" Na ce na sani, Yaya.

A nan na yi dabarar da na ɗauka wayo ce. Na ce tunda fom ba shi da tsada, me zai hana in ƙera gangar jiki babba, in sa mata fankar da nake da ita? F-16 na gaske tsawonsa mita 15 ne, faɗin fukafukansa kusan mita 10. Wanda ya dace da fankata shi ne a rage shi sau 14, ya zama mai tsawon mita ɗaya da ɗan ɗoriya, nauyinsa kamar giram 700. Ni kuwa sai na rage shi sau 10 kawai, ya zama mai tsawon mita ɗaya da rabi. A ganina ƙarin ba shi da yawa, bai ma kai rabi ba.

Ga abin da na manta, alhali malaminmu na lissafi ya koya mana tun a aji uku. Idan ka ninka tsawon abu sau 2, faɗin fuskarsa ninkuwa yake yi sau 4, cikinsa kuma sau 8, nauyi kuwa ciki yake bi. Ni na ƙara tsawo sau 1.4. Ku buga 1.4 sau 1.4 sau 1.4, za ku sami 2.7. Giram 700 sau 2.7 ya ba da kusan giram 1,900. Da na gama shafa gam da fenti, daidai nan jirgina ya tsaya. Amma ban san haka ba a lokacin, domin ban auna ba. Da na kai wa Baba ya gani, ya ɗaga shi a tafin hannunsa ya jinjina, ya ce, "Yaro, ka ɗora shi a sikeli kuwa?" Na ce ai fom ne, Baba, ba nauyi. Bai ƙara cewa komai ba.

Ranar gwaji ta faɗo a watan Afrilu, tsakiyar bazara, da misalin ƙarfe ɗaya na rana. Abokina ya riƙe jirgin, na buɗe wuta har ƙarshe, fanka ta yi kuka mai daɗin ji, ya sheƙa da gudu ya wurga. Jirgin ya tafi kamar taku goma sha biyar yana saukowa sannu a hankali, ya kwanta a ƙasa da ciki. Muka sake, haka. Sau huɗu muna yi, ko sau ɗaya bai ɗaga hanci ba.

Da a nan na tsaya, da asarata ba ta wuce kunya ba. Amma yaran ƙauyen sun riga sun taru, ni kuma na riga na cika baki. Abokina yana da batir mafi ƙarfi a jakarsa, sai na ce ya ara mini.

Bari in yi muku bayanin batirin. Irin wanda ake sa wa waɗannan jirage ana kiransa LiPo, kuma ɗaki-ɗaki yake. Kowane ɗaki yana ba da bolt 3.7. Mai ɗaki uku, wanda ake rubuta wa 3S, yana ba da bolt 11.1, mai huɗu 14.8, mai shida 22.2. Injina na ɗaki uku ne, yana jan amfiya 35 idan an buɗe wuta duka. Tsakanin batir da inji akwai wani ɗan akwati da ake kira ESC, shi ke karɓar umarnin rimot ya rage wuta ko ya ƙara. Nawa an rubuta masa amfiya 40, wato iyakar abin da zai iya ɗauka ke nan. Na ce a raina ɗaki ɗaya kawai zan ƙara, ai ba wani abu ba ne.

Fanka ba haka take lissafi ba. Daga 11.1 zuwa 14.8 ƙarin sau 1.33 ne, kuma juyin injin yana bin bolt. Amma wutar da fanka ke ja tana ƙaruwa ne da wannan adadi sau kansa, wato kusan sau 1.8. Amfiya 35 ta doshi 60. Zafin da ke taruwa a cikin waya kuma yana bin amfiya sau kanta, kamar yadda yake a littafinku na fiziks, saboda haka ɗan akwatin nan ya riƙa ɗaukar zafi kusan ninki uku na wanda ya saba, a rufe cikin fom, a tsakar ranar bazara.

Jirgin ya tashi kuwa. Ya ɗaga da ƙyar, ya hau sama kamar tsayin bishiyar kuka, yara suka ɗau sowa, ni ma na ji kaina ya yi girma. Ban kai ga gama juyawa ta farko ba sai na ga baƙin hayaƙi ta wutsiya, ƙarar fanka ta ɗauke ɗif. Na karkata sandar rimot dama, babu amsa. Na ja ta baya, babu amsa. A irin haɗin da na yi, ɗan akwatin da ya ƙone shi ne kuma ke ba na'urar karɓar umarni wuta, tare da ƙananan injinan da ke motsa fukafukai. Da ya mutu, komai ya mutu. Abu mai nauyin kusan kilo biyu, mai tsinin hanci, ya nufo ƙasa ba mai iko da shi.

A gefen fakon akwai wani yaro da bai wuce shekara bakwai ba, yana kiwon awaki. Jirgin ya caki ƙasa bai fi taku goma daga inda yake tsaye ba. Awaki suka watse, yaron ya tsaya ƙiƙam, bai ma yi kuka ba. Ni ne ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Mahaifinsa ya taso daga gona da fartanya a kafaɗa, ya duba ɗansa, ya duba tarkacen, sannan ya dube ni. Na durƙusa na ce, "Baba, a yi haƙuri, laifina ne." Ya ce, "Samari, Allah ya kiyaye. Amma abin da ba ka da linzaminsa, kada ka sake shi inda mutane suke." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Batirin abokina ya lanƙwashe ya kumbura. Irin wannan batir idan ya ji rauni yana iya kamawa da wuta ko bayan an ɗauka komai ya wuce, don haka muka sa shi a tsohuwar tukunyar ƙasa muka rufe da yashi, nesa da ɗaki. Na koma gida da bashi biyu, na Yaya da na abokina. Da na gaya wa Yaya, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Yaron dai lafiya?" Na ce lafiya. Ya ce to sauran mai sauƙi ne, amma sai na biya. Wata biyar na yi ina biya.

Fankar da injinta sun tsira. Na kai wa Baba mai rediyo, ya aro sikeli a wurin mai shagon kusa da shi, ya ɗauko mitarsa ta auna wuta. Muka kafa fankar a kan sikelin, bakin fesowar yana kallon sama, muka buɗe wuta da batir mai ɗaki uku. Ta danna sikelin da giram 750. Muka sa ta cikin ragowar dogon bututun jirgina muka sake aunawa, sai ga 600. Ashe ƙuntataccen baki da dogon bututu mai lanƙwasa sun cinye kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin tun kafin ya fita. Baba ya ce in raba 600 da 1,900. Na samu 0.3 da 'yan kai. Ya ce, "To ka ga jakin da ka ɗora wa kayan raƙumi."

Wannan rabon, ƙarfin tunkuɗa a kan nauyi, shi ne awo na farko. Ƙaramin jirgin yaƙi mai fanka yana son ya sami kamar 0.7 zuwa sama kafin ya tashi cikin kwanciyar hankali. Idan ya kai 1, wato tunkuɗa ta yi daidai da nauyi, zai iya miƙewa sama tsaye. Kuma kada ku dogara da adadin da aka rubuta a kwali, domin a tsirara aka auna fankar, ba a cikin jirginku ba, ba kuma a iskarmu ba. Iska mai zafin digiri 40 ta fi mai digiri 15 sakwarkwacewa da kusan kashi 8 cikin ɗari, ga shi Kano tana kusan mita 500 sama da teku, abin da ke ƙara rage kaurin iskar. Fanka da fiffike duk da iska suke aiki, in ta yi sako-sako sai su biyun su yi rauni. Ni kuma na zaɓi ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu.

Awo na biyu ni nake kiransa dakon fiffike, wato giram nawa kowane yanki na fiffike yake ɗauka. A ɗauki yanki mai santimita 10 tsawo da 10 faɗi, kamar tafin hannun babba. Jirgina na koyo yana ɗora wa kowane irin wannan yanki kamar giram 35, shi kuwa F-16 ɗina ya kusa 70. Idan dako ya ninka sau 2, gudun da jirgi ke bukata don kada ya faɗo yana ƙaruwa sau 1.4. Ma'ana da gudu zai tashi, da gudu zai sauka, kuma lokacin da kake da shi na gyara kuskure ya ragu. Shi ya sa ƙara babban batir ba ya warkar da jirgi mai nauyi. Kana ƙara ƙarfi, kana ƙara dako, kuma kana gusar da cibiyar nauyin jirgin daga inda ya kamata ta zauna.

Awo na uku na wuta ne. Bolt sau amfiya shi ke ba da wat: 11.1 sau 35 ya kusa wat 390. ESC kuma a zaɓi wanda ya ɗara abin da injin ke ja da kamar kashi ɗaya cikin biyar, ko fiye a ƙasa mai zafi irin tamu, a kuma bar masa hanyar shan iska. A jikin batir akwai lambobi biyu. Nawa an rubuta 2200, wato cikinsa amfiya 2.2 na tsawon awa ɗaya, da kuma 30C. Idan ka buga 2.2 sau 30 ka sami 66, iyakar amfiyar da aka ce zai iya bayarwa ke nan. Ba a kuma shanye shi ƙarƙaf, kashi 80 cikin ɗari ake amfani da shi don kada ya lalace. Kashi 80 na 2.2 shi ne 1.76. Raba shi da amfiya 30 da jirgi ke ja a tsaka-tsaki, ka buga sau 60, za ka sami minti uku da rabi. Iyakar tashin ke nan. Wanda bai san wannan ba, wuta za ta ƙare masa a sama.

Da waɗannan awo uku za ku gane dalilin da ya sa kowane girma yake da mutanensa. Mai milimita 50 yana da araha, ana wurga shi da hannu, amma iska kaɗan ke wasa da shi, kuma da ya yi nisa sai ya ɓace wa ido, ka kasa gane gaba ya nufa ko baya. Mai 64 yawanci yana tsakanin giram 700 da kilo ɗaya, batirinsa ɗaki uku ko huɗu, ana iya wurga shi a kuma saukar da shi da ciki. Daga 70 zuwa sama jirgi ya fi natsuwa a iska, ya fi kyan gani, amma yakan so tayoyi da shimfiɗaɗɗiyar hanya mai santsi. Mai 90 da na yi ta mafarki yana kai kilo uku ko fiye, batirinsa ɗaki shida, yana iya jan amfiya 100, wato sama da wat 2,000, fiye da abin da dutsen guga na gida ke ja. Duk da haka tashinsa bai wuce 'yan mintoci ba. A fako mai tsakuwa kuma, bakin F-16 da ke ƙarƙashin ciki tsintar yashi da duwatsu yake yi ya aika wa fanka.

Saboda haka yanzu daga ƙasa nake fara zaɓe. Wane fili nake da shi, kuma su wa ke kusa da shi? Aljihuna zai iya sayen batir biyu da caja mai kyau, ya kuma sake sayen abin da ya karye? Hannuna ya kai ina? Amsoshin nan su ke faɗa mini girman fanka. Fanka ta faɗa mini iyakar nauyi, nauyi ya faɗa mini girman gangar jiki, mitar wuta ta faɗa mini ESC da batir. Da can daga hoton da ya burge ni na fara, na tilasta wa sauran su bi.

Akwai kuma maganar doka da hankali. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, tana da ƙa'idoji a kan jirage marasa matuƙi, kuma ya kamata ku nemi babba ya taimaka muku ku san su kafin ku tashi komai. Kada ku kusanci filin jirgi ko barikin soja ko taron jama'a, balle da abin da ya yi kama da jirgin yaƙi. Kada ku sa LiPo a caji ku tafi ku bar shi, ko ku yi cajinsa a kan katifa.

Da na gama biyan bashi, sai na sake ƙira, wannan karon L-39 ɗin yarintata. Na gaske tsawonsa ya ɗan haura mita 12, na rage shi sau 12 ya zama mita ɗaya. Miƙaƙƙun fukafukansa sun fi na F-16 haƙuri idan gudu ya ragu, bakunansa biyu kuma a sama suke, nesa da yashi. Na ɗan ƙara wa fiffiken faɗi, na gajarta bututu, na rage fenti, kowane yanki sai ya hau sikeli kafin ya sha gam. Ya tsaya a giram 850, tunkuɗa 680, rabo 0.8. Fankar nan dai ce da na zarga da rashin ƙarfi. Na sa ESC mai amfiya 50, na kuma ware wa na'urar karɓar umarni hanyar wutarta daban, don ko wancan ya ƙone linzami ya zauna a hannuna. Daga baya na ji cewa su kansu hafsoshin da ke tuƙa L-39 a Kano sai sun fara da jirgi mai farfela a Kaduna. Sannu ba ta hana zuwa.

Kafin in sake tashi a fakon nan, sai da na je na gaida mahaifin yaron na nemi izininsa. Ya yarda, da sharaɗin in ja layi a ƙasa, kowa ya tsaya a bayana. Da sanyin safiya muke zuwa yanzu, kafin rana ta yi zafi. Yaron ne ke riƙe mini agogo. Ya iya aikinsa ƙwarai: da minti uku ta cika sai ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, sauko da shi!" Ni kuma ba na musu.